Darasi na 14: Ƙiyasta Ƙarfin Injin Turbo daga Bayanan Ƙwaƙwalwar Mota

Duk inda ake cinikin mota mai turbo ko ake gyaranta, ba a rasa jin adadi a bakin mutane: wannan doki 250 ce, waccan an taɓa ƙwaƙwalwarta ta haura 300. Mai sayarwa ya faɗa, mai saye ya gyaɗa kai, alhali babu wanda ya auna. Awo na sosai shi ne a ɗora mota a kan na'urar daino, tayoyinta su juya wasu manyan ganguna na ƙarfe, a karanta ƙarfin da suka bayar. To amma daino tana da tsada, kuma ba kowane gari ke da ita ba. Abin da kusan kowace mota ke da shi shi ne wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD-II. Amurka ta wajabta ta a motocin 1996 zuwa sama, Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, saboda haka yawancin motocin tokumbo da ke shigowa garejinmu suna ɗauke da ita. Ta wannan kafa ƙwaƙwalwar mota ke faɗin yawan iskar da inji ya shaƙa, da zafinta, da matsinta, da saurin juyin inji. Ra'ayin da wannan darasi zai kare shi ne cewa waɗannan bayanai sun isa a ƙiyasta ƙarfin inji ƙiyasi mai amfani, matuƙar an gina lissafin a kan nauyin iska, an kuma gwada amsar da wata hanya dabam wadda ba ta dogara da iskar ba, sannan aka yarda cewa abin da za a samu tazara ce tsakanin adadi biyu.

Sai mun rabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa kafin mu shiga lissafi. Ƙarfin murɗawa shi ne yadda inji ke murɗa sandarsa. Wanda ya kama sifana mai tsawon mita ɗaya ya danna ƙarshenta da nauyin kilo 10, ya sa wa noti murɗawar da ta kai kimanin niyuton-mita 100. Shi kuwa ƙarfin doki awon saurin aiki ne, wato murɗawar nan sau nawa aka maimaita ta a minti. James Watt ne ya kafa wannan awo a ƙarshen ƙarni na 18 don ya nuna wa masu saye aikin doki nawa injin tururinsa zai ɗauke. Doki ɗaya na Ingila da Amurka wat 746 ne, na Jamus kuma, wanda ake rubutawa PS, wat 735.5 ne, wato ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya a sakan ɗaya. Abin da ya haɗa awon biyu lissafi ne guda: a ninka niyuton-mita da juyin inji a minti, a raba da 9,549, sai a sami kilowat. Ɗauki Volkswagen Golf GTI ta ƙarni na biyar, mai injin lita 2. Kamfanin ya rubuta mata niyuton-mita 280 daga juyi 1,800 zuwa 5,000. A juyi 1,800 lissafin ya ba da kilowat 53 kacal, a juyi 5,000 kuma ya ba da kusan 147, wanda shi ne adadin da kamfanin ya rubuta, wato PS 200. Murɗawar ba ta canja ba, saurin maimaita ta ne ya ƙaru. Don haka duk wanda ya san ɗaya daga cikin biyun a wani juyi, ya san ɗayan.

Me ya sa iska ce ginshiƙi? Domin zuba wa inji fetur abu ne mai sauƙi, nozul na iya feso fiye da abin da ake bukata. Abin da ke da iyaka shi ne iskar da za ta ƙone shi. Giram ɗaya na fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone tsaf, kuma duk fetur ɗin da ya wuce abin da iskar za ta iya ƙonawa ba zai ƙara tura fistin ba. Wannan iyaka ce injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya nemi kawarwa da ya yi rajistar dabarar turbo a 1905: hayaƙin da ke fita ya juya wata fanka, ita kuma ta juya wata a kan sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin silinda. Aikinta irin na zugazugin maƙeri ne, gawayin bai ƙaru ba, amma wuta ta ƙara ci saboda iska ta ƙaru. A motocin yau fankar nan tana juyawa sama da sau 100,000 a minti. Tunda ƙarfi yana bin iska sau da ƙafa, wanda ya san giram nawa na iska ke shiga inji a sakan ya riga ya riƙe mafi yawan amsar.

Nan ne wani zai ce: ai agogon matsin turbo ya wadatar, idan matsi ya hau ƙarfi ya hau. Wannan magana tana da ɗan gaskiya, shi ya sa take yaudarar mutane. Matsi yana nuna yadda iska ta taru a bakin inji tana neman shiga, bai faɗi nauyin wadda ta shiga ba. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙin nauyi a matsi ɗaya. Idan matsin ya tsaya a kilofaskal 220, zafin iskar ya tashi daga digiri 45 zuwa 70, nauyinta ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100, agogon kuwa bai motsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuƙi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda iskar waje kanta ta haura digiri 40 tun kafin turbo ta matse ta ta ƙara mata zafi. Akwai kuma tudu. Agogon da ake maƙalawa a gaban direba yana auna abin da ya ɗara matsin iskar waje ne kawai. A Legas, bakin teku, matsin waje kimanin kilofaskal 101 ne, a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 kuwa bai wuce 88 ba. Agogo zai iya nuna 120 a garuruwan biyu, amma jimillar matsin 221 ce a ɗaya, 208 a ɗaya. Ƙari a kan haka, injin da salansarsa ta toshe yana iya riƙe matsi mai kyau alhali iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata. Wanda ya yi alfahari da matsi kaɗai bai faɗi komai game da ƙarfi ba tukuna.

Ɗaukar bayanan ba shi da wuya, amma yana son tsari. Ana soka ƙaramar na'ura a kafar OBD-II (mafi yawan masu araha an gina su a kan tsarin ELM327), ta haɗu da waya ko kwamfuta, manhaja ta riƙa rubuta adadi layi-layi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaɗayin zaɓar abubuwa ashirin lokaci ɗaya. Na'urar tana tambayar ƙwaƙwalwa ne ɗaya bayan ɗaya, don haka yawan tambaya yana jawo tazara tsakanin layi da layi, har juyin inji na wani lokaci ya zauna kusa da iskar wani lokacin dabam. Biyar ko shida sun isa: juyin inji, nauyin iska daga sensar MAF, matsi daga sensar MAP, zafin iskar shiga, taimin na fulogi, da rabon iska da fetur. Sai inji ya ɗumama, a sa giya ta uku, a bar juyi ya sauka wajen 2,000, a take totur har ƙasa a riƙe shi ba sassautawa har juyi ya kusa jan layi. A maimaita aƙalla sau uku, a bar inji ya huce tsakani.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi da alƙalami. Injin lita 2 ne, a juyi 5,500 sensar MAF ta nuna giram 200 a sakan. Injin turbo ba ya aiki da rabon 14.7 idan aka take shi har ƙasa. Ƙwaƙwalwa tana ƙara fetur da gangan, rabon ya sauko wajen 12, domin rarar ta sanyaya silinda ta kare fistin da turbo daga zafi. Idan muka raba 200 da 12, fetur giram 16.7 ne a sakan, wato kilo 60 a awa. Saura tambaya ɗaya: giram nawa na fetur injin ke ci kafin ya ba da kilowat ɗaya na tsawon awa? Ga injin turbo na fetur da aka take har ƙasa, adadin yakan faɗa tsakanin giram 310 da 350. Idan muka ɗauki 330, giram 60,000 a raba da 330 ya ba da kilowat 182, wato doki 244. Idan injin mai tattali ne, 310, amsar doki 259 ce. Idan mai ci ne, 350, ta sauka 230. Ga tazararmu ke nan, 230 zuwa 259, kuma gaskiyar lissafin tana cikin faɗin wannan tazara. Masu gyaran motocin Volkswagen da Audi suna da gajeriyar hanya, su raba giram da 0.8, wanda a nan zai ba da 250. Hanyar tana da kyau don saurin dubawa (Golf GTI ɗin da muka ambata, idan lafiyarta lau, a sa ran ganin abin da ya kusanci giram 160), sai dai a san cewa 0.8 ɗin nan rabon fetur da cin inji ne aka dunƙule wuri ɗaya aka ɗauka ba sa canjawa, alhali suna canjawa.

Abin lura ne cewa kowane giram na fetur yana ɗauke da kimanin kilojul 43, don haka giram 16.7 a sakan ya haura kilowat 700. Kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya isa sandar inji. Sauran ya tafi a zafin lagireto, da hayaƙi, da fetur ɗin da bai ƙone ba.

Ƙarfin murɗawa yana fitowa ne daga juya lissafin farko. Kilowat 182 a ninka da 9,549 a raba da 5,500 ya ba da niyuton-mita 316. Mu koma wani layi na baya a cikin bayanan, inda juyi yake 3,000, iska giram 115. Bin matakan ɗazu ya ba da kilowat 105 da niyuton-mita 333. Ƙarfin doki ya yi ƙasa sosai, murɗawa kuwa ta ɗara ta sama. Dalili shi ne murɗawa tana bin iskar da ta shiga a kowane juyi guda, ƙarfin doki kuma yana bin iskar da ta shiga a kowane sakan. Wanda ya yi wannan lissafi ga kowane layi ya zana shi a takardar jadawali zai ga siffar injinsa gaba ɗaya: inda turbo ta farka, inda murɗawa ta miƙe, da inda numfashin inji ya fara gazawa. A ganina wannan zane ya fi adadin ƙoli amfani nesa ba kusa ba, domin a tsakiyar juyi direba ke yin yawancin tuƙinsa.

Wasu motocin turbo ba su da sensar MAF, da matsi da zafi ƙwaƙwalwarsu ke lissafa iska. Mu ma za mu iya. Inji mai bugu huɗu yana cika silindarsa sau ɗaya a juyi biyu, don haka lita 2 a juyi 5,500 na nufin lita 91.7 a sakan. Nauyin lita ɗaya na iska shi ne matsi a kilofaskal a raba da 0.287, a sake rabawa da zafi bayan an ƙara masa 273. A matsi 220 da zafi 45 ya kama giram 2.41. Silinda ba ta cika cif a wannan gudu, mu ɗauka kashi 90 cikin 100, sai jimilla ta zo giram 199. Raunin wannan lissafi a fili yake, kashi 90 ɗin nan zato ne. Sannan tambayar matsi ta gama-gari a OBD-II ba ta iya faɗin abin da ya wuce kilofaskal 255, saboda haka a motar da aka ƙara wa matsi sosai za a ga adadin ya maƙale a nan, kuma duk lissafin da aka ɗora a kansa ya ɓaci.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan lissafin iska ita ce sensar kanta tana iya yin ƙarya, kuma haka ne. MAF tana zaune kafin turbo, tana ƙirga iskar da ta wuce ta, ba ta san inda iskar ta ƙare ba. Idan tiyon da ke tsakanin turbo da inji ya tsage, ko ɗaurinsa ya saki, turbo za ta ƙara gudu don ta cike giɓin matsi, MAF ta nuna adadi mai faranta rai, alhali wani kaso na iskar yana hurewa a ƙarƙashin bonet. Idan ƙurar hunturu ko man filta ya lulluɓe 'yar wayar da ke cikin sensar, sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Idan an sauya bututun da take ciki da mai faɗi, awonta ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Akwai kuma abin da iska ba ta nunawa sam. Fetur mai ƙarancin okten yakan fashe kafin lokacinsa a cikin zafi da matsi, ƙwaƙwalwa ta ji ƙarar ta ja taimin baya don ta ceci inji. Iska tana nan giram 200, amma tartsatsi ya makara, ƙarfi ya ragu. Shi ya sa taimin yake cikin jerin abin da muka ce a rubuta: idan ya riƙa faɗuwa ba zato a tsakiyar gudu, a karkata zuwa ƙasan tazara. Duk waɗannan gaskiya ne, amma abin da suka tabbatar shi ne bukatar shaida ta biyu.

Shaidar ta biyu ita ce motsin motar kanta, kuma ba ruwanta da abin da sensar iska ta faɗa. Dokar Newton ce: ƙarfin turawa daidai yake da nauyi a ninka da saurin ƙaruwar gudu. A ce motar misalinmu, da direba da man da ke tanki, kilo 1,500 ce, kuma a giya ta uku ta tashi daga kilomita 95 zuwa 105 a awa cikin sakan 0.8. Ƙarin kilomita 10 a awa daidai yake da mita 2.78 a sakan, a raba da 0.8 ya ba da 3.47, a ninka da 1,500 ya ba da niyuton 5,210. Sai a ƙara abin da iskar gaba ke turewa, wanda ga ƙaramar mota a wannan gudu ya kai kimanin niyuton 305, da gogayyar taya da kwalta, kimanin 175. Jimilla 5,690. A ninka da gudun tsakiya, mita 27.8 a sakan, an sami kilowat 158 a taya. Giyabos da sauran ƙarafan da ke kai ƙarfi ga taya sukan ci kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a motar da tayoyi biyu ke ja, don haka a inji ƙarfin yana tsakanin kilowat 176 da 186, wato doki 235 zuwa 249. Wannan tazara ta zauna a cikin ta farko. Shaidu biyu da ba su haɗa hanya ba sun faɗi magana ɗaya, yanzu muna da dalilin cewa motar tana wajen doki 240. Da a ce iska ta nuna 244, motsi kuma ya nuna 190, da ba mu ɗauki matsakaici ba, da mun buɗe bonet mun fara neman tiyon da ya tsage. Saɓanin shaidun shi kansa bincike ne.

Ita ma wannan hanya tana da tarkonta. OBD-II tana faɗin gudu ne a cikakken kilomita, babu ɗigo, don haka kuskuren kilomita ɗaya a cikin goma kashi 10 ne na amsar. Ya fi kyau a lissafa gudu daga juyin inji, in dai kuloci ba ya zamewa. Nauyi kuma a auna shi a sikeli, kada a ɗauko na littafi a manta da fasinja da kayan but. Gangara ita ce babbar ɓarauniya: hanyar da ta sauka mita 2 a kowane 100, wadda ido da ƙyar yake gani, tana ƙara wa wannan mota kimanin kilowat 8 na banza. Maganinta a yi gwajin zuwa da dawowa a wuri ɗaya a ɗauki matsakaici. Kuma a ji wannan da kyau: gwajin yana kai mota sama da kilomita 100 a awa cikin 'yan sakanni. Ba aikin titin cikin gari ba ne, ba na hanyar da babura da dabbobi ke tsallakawa ba ne. Wurinsa fili rufaffe da aka ba da izini, direba idonsa a hanya, wayar tana rubutu da kanta. Babu adadin da ya kai ran mutum.

Wani kuma zai ce wahalar me ake sha, tunda motocin zamani suna faɗin ƙarfin murɗawarsu da kansu? Suna faɗa, amma babu sensar da ke auna murɗawa a sandar injin motar kasuwa. Ƙwaƙwalwa tana lissafa adadin ne daga iska da taimin da juyi, bisa jadawalin da kamfani ya zuba mata, domin ta san yadda za ta yi da giya. Wato shaidarmu ta farko ce ta sake dawowa. A motar da ba a taɓa ba, adadin yakan yi kusa da gaskiya. A wadda aka sauya wa manhaja kuwa, mai gyaran na iya murɗe jadawalin don giyabos ya daina rage ƙarfi, kuma daga nan adadin ya daina zama hujja. Su kuma masu cewa daino kaɗai ke faɗin gaskiya, a tuna musu cewa ita ma a taya take aunawa, ta yi zaton asarar giya, sannan ta daidaita amsar zuwa wani yanayi na ƙa'ida. Ƙa'idar Amurka, SAE J1349, ta ɗauki digiri 25 da kilofaskal 99, ta Jamus, DIN 70020, ta ɗauki digiri 20 da 101.3. Mota ɗaya takan ba da adadi dabam-dabam a kan na'urori biyu, kuma daidaitawar tudu da aka tsara wa inji marar turbo takan kumbura adadin mai turbo, domin ita turbo ta riga ta rama wani ɓangare na asarar. Daino ta fi lissafinmu daidaito, wannan ba abin musu ba ne, amma ita ma da zato a cikinta.

Lissafin iska na injin fetur ne. Injin dizal yana shaƙar iska fiye da bukatarsa, yawan man da aka fesa ne ke yanke ƙarfinsa, don haka raba giram da 0.8 a motar dizal kuskure ne. Hanyar motsi kuwa tana aiki a kowace mota.

Inda wannan ilimi ya fi biyan bakanike shi ne kwatanta mota da kanta. Kuskuren da ke cikin zaton cin fetur ko asarar giya iri ɗaya ne kafin gyara da bayansa, don haka idan an yi gwaji a hanya ɗaya, giya ɗaya, zafi kusan ɗaya, bambancin da aka gani na gaske ne ko da adadin ƙoli ya ɗan kauce. Mai gareji da zai iya nuna wa mai mota cewa iska ta tashi daga giram 140 zuwa 158 bayan an canja tiyo, kuma lokacin tashi daga 95 zuwa 105 ya ragu daidai gwargwado, ya ba shi hujjar da zai gani da idonsa.

Kafin zama na gaba, ku gwada wannan a littafinku. Wata mota ta nuna giram 150 na iska a sakan a juyi 5,200, rabon iska da fetur 12. Ku fitar da ƙarfin dokinta idan cin inji giram 310 ne, ku sake fitarwa idan 350 ne, sannan ku lissafa niyuton-mita na kowanne. Wanda ke da na'urar OBD-II a wurin aikinsa ya zo da ita, za mu karanta bayanan mota ta gaske tare a aji.